Gyaran Maganar Yara a Ƙasar Kabi: Inda Muka Fito

Kafin a san da mu, masu gyaran magana, wanzami ne ke riƙe da wannan aiki a ƙasar Kabi. Yaro ya shekara uku bai buɗe baki ba, sai a ce linzami ne ya ɗaure masa harshe, a kira mai aska. In hakan bai yi ba, a nufi malam a karɓo rubutu. In nan ma shiru, sai a ce nauyin baki ne na gado, a bar wa Allah. Mai in'ina kuwa, dariyar sa'o'insa ce ke raka shi har ya girma.

Sana'armu ta shigo Najeriya ne ta ƙofar kurame. Andrew Foster, wani kurma ɗan Amurka, ya buɗe makarantarsu a Ibadan a 1960. A shekarun 1970 Jami'ar Ibadan ta fara koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, har da gwajin ji da gyaran magana, sannan a 1977 aka kafa kwalejin horar da irin waɗannan malamai a Oyo. Sai a 1988 doka ta kafa hukumar da ke yi mana rajista tare da masu gashin ƙashi. Duk wannan a Kudu aka yi shi, da Turanci. Ko da aka ɓallo Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, yaron da ba ya magana makarantar kurame ake tura shi, ko yana ji ko ba ya ji.

Annoba ce ta ƙara buɗe wa Arewa ido. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000, yara da dama suka tashi ba ji, maganar da suka fara ta zube. A 1999 aka buɗe cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, da kuma asibitin ciwon zaizayar baki a Sakkwato, inda ake ɗinke fuskar yaro sannan a fuskanci aikin koya masa ci da furuci. Amma yaron da kunnensa garau, bakinsa lafiya, kalmomi ne kawai suka ƙi haɗuwa, shi ne aka fi daɗewa ba a gani ba. Binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna kusan yara 7 cikin 100 na fama da wannan matsala.

Nan ne kwarin Rima ya koya mana abin da littattafai ba su zo da shi ba. A Argungu ko Birnin Kebbi ba abin mamaki ba ne uwa ta yi wa ɗanta Zabarmanci, kaka ta yi masa Fulatanci, a ƙofar gida ya ji Hausa, a makarantar allo Larabci, a boko Turanci. Masu aikin farko sukan ce wa iyaye yawan harsuna ne ya rikita yaro, a tsaya kan ɗaya. Wannan shawara ta yi ɓarna: uwa ta koma yi wa ɗanta magana da harshen da ba ta ƙware ba, hirarsu ta ragu. Yau an tabbatar harshe biyu ko uku ba ya jawo wannan lalura. Yaron da ke da matsalar gaske, tana bayyana a duk harsunansa. Wanda ya yi shiru a aji amma yake zuba a gida, galibi Turanci ne bai iya ba.

Kayan gwajin ma baƙi ne. Katunan da aka kawo daga Ingila hoton tuffa ne da dusar ƙanƙara, ba su san ɓ, ɗ, ƙ ko ts ba, balle karin sauti. Ko wanda aka horar a Kano sai ya yi hattara: yaron da ya ce "hwaɗi" ko "biyat" bai da tsamin baki, Hausar gidansu yake yi. Shi ya sa yanzu tabarma muke shimfiɗawa, mu baje ludayi, gora, ƙaramar homa da kifin roba. Mu ce wa uwar, "Hajiya, ki ce ya ba ki kifin, da yaren da kike masa a gida." Sai mu zuba ido: ya gane? Ya waiwayo ya dubi fuskarta? Ya haɗa kalma biyu? Daga nan mu koya mata ta riƙa faɗin abin da take yi, a wanka ko a girki, ta jira ya amsa, in ya ce "ruwa" ta ce "ruwa ya zube".

Dokar hana wariya ga naƙasassu ta samu sa hannu a 2019, amma doka ba ta zama a tabarma da yaro. Mu 'yan kaɗan ne, harsunan jihar nan kuwa har da Dandi, Dakarci da Kambarci. Hanyar da ta rage ita ce Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su horar da 'yan ƙasa masu jin waɗannan harsuna, ma'aikatan rigakafi kuma su riƙa tambayar kowace uwa kalma nawa ɗanta ke faɗi, da kowane harshe.