Haruffa biyu da ido ba ya gani

1/ Makon jiya na gyara layi ɗaya tak a wani fayil, na tura. Can sai abokin aikina ya kira ni: "Malam, me ka yi wa fayil ɗin nan? Git na nuna ka canza kowane layi." Na rantse ban taɓa komai ba. Ashe matsalar ta girme mu duka biyun. Ga zare.

2/ Duk wanda ya taɓa ganin tafireta ya san in an kai ƙarshen layi abu biyu ke faruwa: a koma farkon layi, takarda kuma ta hau sama. Injinan aika saƙo irin Teletype Model 33 na 1963 kowanne da harafinsa: CR na komawa farko, LF na sauka ƙasa. A tsarin ASCII lambarsu 13 da 10. Kan bugun ba ya komawa nan take, shi ya sa ake fara tura CR, kada harafi na gaba ya bugu a tsakiyar hanya.

3/ Da kwamfutoci suka zo, kowa ya kama gabansa. Multics ya ce LF kaɗai ya isa, Unix ya bi shi. CP/M ya riƙe CR da LF tare, MS-DOS ya gada a 1981, Windows kuma ta gada daga shi. Apple ta zauna kan CR kaɗai har zuwan Mac OS X a 2001.

4/ Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git a 2005 saboda aikin Linux. Git ba ruwansa da abin da idonka ke gani. Ni ina kan Windows, abokina kan Linux, manhajata ta maƙala CR a ƙarshen kowane layi ban sani ba. Har wani fayil ɗin .sh ya ƙi tashi a saba.

5/ Akwai core.autocrlf, amma gaskiya ban yarda da shi ba, don a kwamfutar kowa yake zaune daban. Mutum ɗaya ya manta, shike nan.

6/ Mun saka .gitattributes cikin ma'ajiyar kanta: * text=auto, da *.sh text eol=lf, sannan git add --renormalize . sau ɗaya. Notepad ma sai a 2018 ya iya nuna fayil mai LF kaɗai yadda ya kamata.