Tunatarwar motsi a agogon zamani

Tunatarwar motsi wani tsari ne a agogon hannu na zamani da ke ankarar da mai shi idan ya daɗe a zaune, ta hanyar ɗan girgiza da gajeren saƙo a fuskar agogon. An ƙirƙire ta ne saboda yawan zama yana da alaƙa da ciwon zuciya da ciwon suga. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da su rage zama, su kuma yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako.

Yadda take aiki

Agogon ba ya ganin jikin mutum, hasashe yake yi daga hannun da aka ɗaura shi. Ya fi dogara da akselaromita, wata ƙaramar na'ura mai auna motsi ta fuskoki uku. Da yake ƙarfin jan ƙasa kullum ƙasa yake nufa, na'urar tana gane inda hannu ya karkata: mai zaune galibi hannunsa na kan cinya ko tebur, mai tsaye kuwa hannunsa a sake yake a gefensa. Tafiya tana sa hannu yin lilo mai maimaituwa, wanda manhajar agogon ke ƙirgawa a matsayin taku. Wasu agogunan suna gane hawa bene ta sauyin matsin iska.

Kowane kamfani da ƙa'idarsa. Apple Watch, wanda ya fito a 2015, yana tunatarwa idan an shafe minti 50 na farkon awa a zaune, kuma tsayuwa da motsin minti ɗaya ya wadatar. Fitbit yana neman taku 250 a kowace awa.

Kura-kurai

Da yake hannu kaɗai ake aunawa, aikin da ba na ofis ba yakan rikita lissafin. Mai saran rake a gonakin Makarfi, ko mace mai daka, za a iya ƙirga musu takun da ba su yi ba. Haka ma jijjigar babur a hanyoyin ƙauyukan Ikara da Kudan marasa kwalta. Mai tura baro kuwa yana tafiya amma hannunsa a kafe, don haka takunsa kan ɓace, kuma mahauci da ya wuni a tsaye gaban tebur zai iya samun saƙon ya miƙe.