Zargin lalata da ƙuri'ar masu addini a tarihin zaɓen Amurka

Tsarin mulkin Amurka ya raba addini da gwamnati, amma bai raba majami'a da akwatin zaɓe ba. Duk mai neman babbar kujera a ƙasar ya san da miliyoyin mutanen da ke sauraron wa'azi ranar Lahadi kafin su jefa ƙuri'a ranar Talata. Saboda haka, idan aka zargi ɗan siyasa da lalata ko da cin zarafin mace, sai idanu su koma ga masu ibada, a ga ko za su juya masa baya. Tarihin shekaru 140 ya nuna cewa ba safai suke juyawa ba. Abin da ya fi nauyi a ma'auninsu shi ne amfanin da ɗan takarar zai yi wa addininsu, da kuma ɓangaren da zargin ya fito.

A watan Yuli na shekara ta 1884, wata jarida ta birnin Buffalo ta buga labarin cewa Grover Cleveland, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Demokrat, ya haifi ɗa ba da aure ba, da wata mata mai suna Maria Halpin wadda mijinta ya rasu. Wani fasto na garin, George Ball, ya ɗauki maganar ya yi ta yaɗawa. Cleveland bai musanta alaƙar ba, ya kuma amsa cewa ya ɗauki nauyin yaron. Ita kuwa matar ta yi rantsuwa a rubuce cewa tilasta mata aka yi. Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, wani fasto daban, Samuel Burchard, ya tashi a gaban James Blaine, ɗan takarar Rifablikan, ya kira jam'iyyar Demokrat gidan giya da Katolika da tawaye. Maganar ta ɓata wa ƴan Katolika na jahar New York rai, musamman ƴan asalin Ayalan. Cleveland ya ci jahar da ratar da ba ta kai ƙuri'a 1,200 ba, da ita kuma ya ci shugabancin ƙasa. Masana tarihi da yawa na ganin cewa zagin addini ya fi zargin lalata tasiri a zaɓen.

Kusan ƙarni guda bayan haka, wani rukuni ya fito fili a fagen siyasa, wato ƴan Ibanjelika, Kiristocin da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki a matsayin hujja ta ƙarshe, suna kuma wa'azin sabuwar haihuwa cikin bangaskiya. A 1976 da yawansu sun zaɓi Jimmy Carter, ɗan majami'ar Baftis daga jahar Jojiya, mai koyar da karatun Lahadi, wanda ya zauna da mace ɗaya har mutuwa ta raba su. Shekaru huɗu kacal suka yi tare da shi. Abubuwa uku ne suka dame su: hukuncin kotun ƙoli na 1962 da ya hana addu'ar hukuma a makarantun gwamnati, da hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki, da yunƙurin hukumar haraji a 1978 na janye rangwame daga makarantu masu zaman kansu da ake zargi da wariyar launin fata. Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979. A 1980 mafi yawan fararen Ibanjelika suka bar mai koyar da karatun Lahadi, suka bi Ronald Reagan, tsohon ɗan wasan silima wanda aurensa na farko ya mutu, kuma ba mai yawan zuwa majami'a ba. Tun daga nan alkawarin ɗan takara ya fara gaba da halinsa.

Sai dai batun hali ya dawo da ƙarfi a 1998, lokacin da asirin shugaba Bill Clinton ya tonu game da Monica Lewinsky, matashiyar da ke koyon aiki a fadar shugaban ƙasa. A watan Yuni na shekarar, babban taron majami'un Baftis na Kudu, mafi girman ɗarikar Furotesta a Amurka, ya zartar da ƙuduri cewa kawar da kai daga babban laifin shugabanni yana kashe lamirin al'umma, yana kuma jawo hukuncin Allah. Majalisar wakilai ta tuhumi Clinton a watan Disamba da yin ƙarya bayan rantsuwa da hana shari'a aikinta, majalisar dattawa ta wanke shi a watan Fabrairu na 1999. Laifi tudu ne. Bob Livingston, wanda aka shirya ba shugabancin majalisar wakilai, ya janye da aka gano yana neman mata a waje. Newt Gingrich, jagoran masu adawa da Clinton, ya amsa a 2007 cewa shi ma yana cin amanar matarsa a daidai wancan lokaci. Ƴan Demokrat masu kare haƙƙin mata, su ma da yawansu sun yi shiru don kada su kayar da nasu.

An gwada ƙudurin 1998 a shekara ta 2016. Ranar 7 ga Oktoba, wata guda kafin zaɓe, jaridar Washington Post ta fitar da wani faifai na 2005 inda aka ji Donald Trump yana fahariya da taɓa mata ba da izininsu ba. Mata da dama suka fito da zarge-zarge, shi kuma ya musanta duka. Ranar zaɓe, kusan kashi 81 bisa 100 na fararen Ibanjelika suka jefa masa ƙuri'a. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta PRRI ta auna sauyin: a 2011, kashi 30 bisa 100 ne kawai daga cikinsu suka yarda cewa mai aikata alfasha a ɓoye zai iya riƙe amanar jama'a, a 2016 sun kai kashi 72.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alƙali Antonin Scalia na kotun ƙoli ya rasu a watan Fabrairu na 2016, kujerarsa tana jiran sabon shugaba, Trump kuma ya fitar da jerin sunayen alƙalan da zai zaɓa daga cikinsu. Wasu masu wa'azi suka kamanta shi da Sairus, sarkin Farisa wanda ba Bayahude ba ne amma ya ƙyale Yahudawa su koma Ƙudus daga bautar Babila. Ma'anar kamancen ita ce Allah yana iya aiki da wanda ba salihi ba. Cinikin ya biya su: Trump ya naɗa alƙalai uku tsakanin 2017 da 2020, a watan Yuni na 2022 kuma kotun ta soke hukuncin 1973. A 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a New York suka same shi da alhakin cin zarafin marubuciya E. Jean Carroll da ɓata mata suna, aka yanke masa diyyar dala miliyon 5, yana musantawa. A zaɓen 2024, kusan takwas cikin goma na fararen Ibanjelika suka sake zaɓensa.

Akwai inda lissafin ya kuskure. A 2017, a jahar Alabama, Roy Moore ya nemi kujerar majalisar dattawa. Alƙali ne da aka tuɓe a 2003 saboda ya ƙi ɗauke dutsen Dokoki Goma daga ginin kotu, abin da ya sa masu addini suka ɗauke shi gwarzo. Wata mata ta ce ya yi lalata da ita a 1979 tana da shekara 14, shi kuma yana da 32. Ya musanta. Kusan kashi 80 bisa 100 na fararen Ibanjelika da suka fito zaɓe sun tsaya tare da shi, amma wasu sun zauna gida, mutane fiye da 20,000 kuma suka rubuta wani suna daban a takardar ƙuri'a. Baƙar fata, waɗanda mafi yawansu su ma ƴan majami'a ne masu riƙe da Littafi guda, suka ba Doug Jones kusan kashi 96. Jones ya ci da ratar ƙuri'a kusan 22,000. Masu addini ne suka riƙe Moore, masu addini ne kuma suka kayar da shi.

Abin da aka samu a kotun ƙoli ana iya ƙidaya shi, amma an biya da wani abu. Russell Moore, babban jami'in Baftis na Kudu wanda ya tunatar da ƴan'uwansa abin da suka faɗa a zamanin Clinton, ya bar muƙaminsa a 2021. A shekarar nan kuma Beth Moore, sananniyar mai koyar da mata Littafi Mai Tsarki, ta fice daga ɗarikar. A 2022 wani bincike da ɗarikar ta sa aka yi ya nuna cewa shugabanninta sun shekara da shekaru suna danne ƙorafin waɗanda aka ci zarafinsu a cikin majami'u. Ƙudurin 1998 yana nan cikin kundin ɗarikar. Ranar da za a sake zargin wani ɗan siyasa na ɗaya ɓangaren, mai wa'azin da ya buɗe shi zai karanta sai ya fara amsa tambayar inda ya ajiye shi a 2016.