Keke

keke (suna, namiji, jam'i: kekuna).

1. Abin hawa mai taya biyu da ake tuƙawa da ƙafa, sarƙa na juya tayar baya. A Jibiya ta jihar Katsina, kan titin Katsina zuwa Maraɗi, manomi kan ɗaure buhun gero a kariya ya nufi kasuwa ko Magama, bakin iyakar Nijar. Mai doguwar tafiya yakan gwada birki, ya riƙi ruwa da famfo da kayan faci saboda ƙaya, ya yi sammako. Inda rairayi ya yi yawa, gara ya sauka ya tura. Misali: Ya kai keke wurin mai faci.

2. Injin tela: keken ɗinki.