Asperger: Sunan da Likitoci Suka Raɗa, Suka Kuma Janye

Ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia da ya buɗe littafin da aka wallafa tsakanin 1994 da 2013 zai iya cin karo da wata lalura mai suna Asperger. In ya duba sababbin kundayen da likitoci ke aiki da su a yau, ba zai same ta ba. Ba warkewa masu ita suka yi ba, sunan ne aka janye. Yadda aka raɗa shi da yadda aka soke shi ya shafi Hausawa, domin a yanzu ne harshensu ke laluben sunan da zai kira wannan hali da shi.

Tushen maganar kalma ce da ake furtawa otizim. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Siwizalan, Eugen Bleuler, shi ya yaɗa ta a littafinsa na 1911, daga kalmar Girkanci mai ma'anar "kai", wato mutum shi kaɗansa. Sai dai Bleuler ba yara yake nufi ba. Yana bayani ne a kan manya masu wani nau'in taɓin hankali, waɗanda ke janye jiki daga jama'a su koma duniyar zucinsu. Wannan asali ya bar tabo, domin an shafe shekaru da dama ana ɗaukar otizim a matsayin taɓin hankalin ƙuruciya, alhali ba shi ba ne.

Wadda ta fara siffanta yaran dalla-dalla mace ce, Grunya Sukhareva, likitar yara a Mosko, wadda ta rubuta bayanin yara maza shida a 1925. Aikinta bai samu kulawa ba sai bayan shekaru masu yawa. A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya wallafa bayanin yara 11 da ba sa cuɗanya da mutane, ba sa kuma jure a sauya musu abin da suka saba. Shekara guda bayan haka, a 1944, likitan yara Hans Asperger na birnin Biyana, hedikwatar Ostiriya, ya fitar da nasa nazarin a kan yara maza huɗu. Yaran Asperger suna magana, wasunsu ma da kaifin basira, amma ba sa gane abin da fuska ko muryar mutum ke nufi, ba sa iya abota, kuma sukan nace wa fanni guda su yi ta zuba a kansa ko mai sauraro ya gaji.

Kanner ya yi rubutu da Ingilishi, sai duniya ta bi shi. Asperger ya yi nasa da Jamusanci ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sai aikin ya kwanta. Sakamakon haka, kusan shekara arba'in likitoci suna ganin otizim abu ne mai wuyar samu kuma mai tsanani. Yaron da ke magana yana kuma cin jarrabawa ba ya shiga lissafi, komai wahalar da yake sha.

Asperger ya rasu a 1980 ba tare da ya raɗa wa wata lalura sunansa ba. Wadda ta ɗaukaka sunan ita ce Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa a Landan, wadda ita kanta uwa ce ga 'ya mai otizim. Binciken da ta yi da Judith Gould a unguwar Camberwell, wanda aka wallafa a 1979, ya nuna musu cewa lalurar hawa-hawa ce, daga mai tsanani zuwa mai sauƙi. A 1981 Wing ta wallafa maƙala a kan mutum 34, ta kira halinsu da sunan Asperger. Dabara ce ta yi da gangan: iyaye da malamai da ke gudun kalmar otizim za su fi karɓar sabon suna, ta haka yaran da aka manta za su samu taimako. Uta Frith ta fassara aikin Asperger zuwa Ingilishi a 1991. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sunan a kundinta na ICD-10 a farkon shekarun 1990, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuma ta sanya shi a nata, DSM-IV, a 1994.

Sunan ya yi aikin da aka raɗa shi domin sa. Manya da yawa da suka girma ana ce musu bauɗaɗɗu sun samu bayanin halinsu. Amma iyakar da ke tsakaninsa da otizim ba ta taɓa tsayuwa ba. Babban bambancin da aka kafa shi ne rashin jinkirin fara magana, kuma yaro guda kan samu suna daban-daban gwargwadon asibitin da aka kai shi. Don haka a 2013 kundin DSM-5 ya soke sunan, ya haɗa duka a ƙarƙashin lalura ɗaya mai matakai. Kundin ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya bi sahu.

Wani abu kuma ya ƙara dusashe sunan. A 2018 masanin tarihi Herwig Czech ya wallafa abin da ya tono a ma'ajiyar takardun Biyana, a shekarar kuma Edith Sheffer ta fitar da littafi a kan batun. Takardun sun nuna cewa Asperger, ko da yake bai shiga jam'iyyar Nazi ba, ya yi aiki da tsarinta. Ya sa hannu aka tura yara masu naƙasa zuwa cibiyar Am Spiegelgrund, inda yara kusan 800 suka mutu a ƙarƙashin shirin kashe naƙasassu. Mutumin da ya yaba wa basirar wasu yara shi ne ya miƙa waɗanda aka ga ba su da amfani. Duk da haka, akwai waɗanda aka ba su sunan tun da farko da ke riƙe da shi har yau, domin da shi suka fahimci kansu.

A Afirka, tambayar farko ita ce ko lalurar tana nan ma. Victor Lotter ya zagaya ƙasashe shida, har da Najeriya, ya wallafa a 1978 cewa ya samu yara masu ita. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 ne ke da otizim a duniya. Babu dalilin zaton cewa Kankia ko Kusada sun fita daban.

Abin da ya bambanta shi ne suna. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun fi amfani da kalmar galahanga, musamman a ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2007 don wayar da kai. Kalmar ta yi rana, domin ta fi dolo da gaula mutunci, ta kuma fi "ɗan ruwa" da "shafar aljanu" kusa da asibiti. Amma tana da faɗi, ana kiran wasu lalurorin ƙwaƙwalwa na daban da ita, kuma hoton da take kawowa a zuciya na yaro ne mai naƙasa a bayyane. Wannan shi ne ramin da likitocin Turai suka faɗa kafin 1981. Yaron da ke haddace karatu cikin sauri amma ba ya haɗa ido da malami, wanda hayaniyar kasuwa ko ta biki ke firgita shi, ba wanda zai ce masa mai galahanga. Miskili za a ce, ko marar kunya, ko mai taurin kai, maganinsa kuma bulala.

Doka ta riga harshe yin gaba. An sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, sannan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sai dai doka ba ta kare wanda ba a gane shi ba. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna manyan birane irin su Katsina, Kano, Zariya da Kaduna. Wanda uwa daga ƙauyen Kusada za ta fara gani shi ne ma'aikacin lafiya na matakin farko, irin wanda ake horarwa a Kankia, kuma kalmar da ya furta ita za ta bi yaron zuwa gida da makaranta.

Hausa ba ta buƙatar aro sunan Asperger, tun da masu shi ma sun ajiye shi. Abin da take buƙata shi ne fahimtar da Lorna Wing ta yi amfani da sunan don isarwa: lalurar hawa-hawa ce, ba taɓin hankali ba ce, ba laifin tarbiyyar uwa ba ne, kuma mai ita na iya zama wanda bai taɓa furta kalma ba ko wanda ya fi kowa maki a aji. In galahanga za ta ɗauki wannan nauyi, sai an faɗaɗa ma'anarta a rediyo, a aji, da ɗakin awo. In ba za ta iya ba, sai masana harshe da likitoci su zauna su nemo wata.