Murhun da Ya Ƙi Mutuwa

A gidaje da yawa na Funtua da Malumfashi, murhun da aka jingine shekarun baya ya sake kama wuta. Tarihinsa tarihin aljihun magidanci ne.

Asalinsa duwatsu uku ne, sai itace da karan dawa da na masara, waɗanda wannan yanki na noma ba ya rasa su bayan kaka. Da arzikin man fetur ya bunƙasa a shekarun 1970, risho ya shiga gidajen ma'aikata, aka soma kallon murhu a matsayin kayan ƙauye. Ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ya haifar da murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha. Janye tallafin kananzir a 2016, da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin fetur a 2023, sun mayar da tukwane kan itace.

Sai dai komawa ga duwatsu uku tsura asara ce: yawancin zafin iska ke kwashewa, hayaƙi ya cutar da idon mai girki da ƙirjinta, daji kuma ya yi ta ƙarewa. Nijar ta gane haka tun shekarun 1980, lokacin da ta yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi.

Hikimar ba ta da tsada. A kewaye wutar da yumɓu da aka kwaɓa da ƙaiƙayi, a bar ƙofa ɗaya ta itace, a daidaita bakin da gindin tukunya, a liƙe tsaga kafin damina. Wanda ya gyara murhun kakarsa haka, ya rage wa uwargida hawaye, ya bar wa jikoki inuwa.