Amosanin Da Ke Cin Zuciya: Tarihin Cutar Ƴan Makaranta

A bakin Bahaushe kalmar amosani jaka ce mai faɗi. Tsoho ya tashi da ciwon gwiwa, a ce amosani ne. Yaro mai sikila ya kwana yana kukan ƙasusuwa, a ce amosanin jini. Su ma likitoci suna da irin wannan jakar, inda suka zuba cututtukan gaɓoɓi sama da ɗari. Cikinsu akwai guda da ta shafe mu kai tsaye, mu malaman makaranta da iyaye, domin ta fi kama yara ƴan shekara 5 zuwa 15. A takardun asibitocinmu na Nijar ana rubuta ta da haruffa uku, RAA. Ni zan kira ta zazzaɓin amosani. Tana farawa da ciwon maƙogwaro, ta bi ta gaɓoɓi, ta ƙare a zuciya.

Ga yadda take aiki. Wata ƙwayar cuta mai suna sitireptokok ta rukunin A takan kama maƙogwaron yaro, ya yi zazzaɓi, haɗiya ta yi masa wuya, bayan ƴan kwanaki ya warware. Amma a jikin wasu yaran, garkuwar jikin da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta rikice, domin ƙwayar tana kama da wasu sassan jikin mutum. Bayan mako biyu zuwa uku sai garkuwar ta far wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya, wato marufan da ke hana jini komawa baya. Gaɓoɓin sukan warke sarai. Ƙofofin zuciya kuwa tabo suke yi, kuma duk lokacin da cutar ta dawo tabon ƙaruwa yake, har ƙofa ta ƙanƙance ko ta riƙa yoyo.

Shekarun da aka ɗauka ana haɗa zaren

Abin da na faɗa a sakin layi ɗaya ya ci wa masana kusan shekara 300. A 1686 likitan Ingila Thomas Sydenham ya bayyana wata irin rawar jiki da ke kama yara, hannu da fuska su riƙa fizga ba da son ransu ba, bai kuma san tana da alaƙa da ciwon maƙogwaro ba. A 1812 William Charles Wells ya rubuta a Landan cewa amosani na iya shiga zuciya. A 1836 Jean-Baptiste Bouillaud na Faransa ya nuna cewa kumburin gaɓoɓi mai zafi da kumburin zuciya tare suke tafiya a mafi yawan majinyata, abin da ya sa har yau wasu littattafan Faransanci ke kiran cutar da sunansa.

A wancan zamanin cutar ta yi ɓarna a biranen Turai da Amurka, musamman a unguwannin talakawa inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya. A shekarun 1920 tana cikin manyan masu kashe yara ƴan makaranta a Amurka, har aka ware asibitoci domin ita kaɗai. A 1933 Rebecca Lancefield ta rarraba ƙwayoyin sitireptokok rukuni-rukuni, aka samu damar nuna mai laifin da yatsa. A 1944 T. Duckett Jones ya tsara alamomin da likita zai haɗa kafin ya ce wannan zazzaɓin amosani ne. Da su ake aiki har yanzu, an dai yi musu gyara sau da yawa, na baya-bayan nan a 2015.

Hujjar da ta raba gardama ta fito ne daga wani sansanin soja a jihar Wayomin ta Amurka, aka buga ta a 1950. An ɗauki sojoji masu ciwon maƙogwaro aka raba su biyu. Cikin 798 da aka yi wa allurar fenisilin, 2 ne suka kamu da zazzaɓin amosani. Cikin 804 da ba a yi wa ba, 17 suka kamu. Bayan shekara biyu aka samo nau'in fenisilin mai daɗewa a jiki, benzatin, wanda allura ɗaya ke yin makonni tana aiki. Da wannan magani da kuma gyaruwar gidaje da raguwar cunkoso, cutar ta kusa ɓacewa a ƙasashe masu arziki, hankalin masu bincike kuma ya koma wani wajen.

Yadda Afirka ta shiga lissafi

Da farko likitocin zamanin mulkin mallaka sun ɗauka cewa cuta ce ta ƙasashen sanyi, da wuya a same ta inda ake zafi. Da aka buɗe manyan asibitocin koyarwa a Dakar da Ibadan da Kampala da Zariya, sai ga matasa masu lalatattun ƙofofin zuciya suna zuwa, yawancinsu ba su taɓa sanin sun yi zazzaɓin amosani ba.

A ƙasar Hausa, wani aikin da ya kamata mu sani shi ne wanda Hilton Whittle da Eldryd Parry da abokan aikinsu na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga a 1973. Sun bi sawun yaran Zariya masu ƙazwa, suka ga cewa ƙurajen da susa ke fasawa na zama ƙofar shigar sitireptokok, daga nan wasu yaran su kamu da kumburin ƙoda. Ƙoda suka duba a lokacin. Amma binciken da aka yi daga baya a Ostireliya, da wanda aka buga a 2021 daga Niyu Zilan, sun nuna cewa ƙurajen fata masu ruwa suna iya share hanyar zazzaɓin amosani kamar yadda ciwon maƙogwaro ke yi. Ke nan ƙazwar da muke gani a tsakanin yatsun ɗalibanmu ba abin wasa ba ce.

A 2007 aka samu babban sauyi. Eloi Marijon da abokan aikinsa sun shiga makarantu a Mozambik da Kambodiya da na'urar eko, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, suka duba zukatan yara. A Mozambik, sauraron ƙirji da kunnen likita ya gano yara 2.3 cikin kowane 1,000, na'urar kuwa ta gano 30.4. Wato a bayan duk yaro ɗaya da aka sani akwai fiye da goma da ke zaune a aji, suna wasa, zuciyarsu na lalacewa shiru.

Binciken REMEDY, wanda aka buga a 2015, ya bi majinyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman. Kashi biyu cikin uku mata ne, matsakaicin shekarunsu 28. Cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin ɗari sun rasu. Yawan matan abin lura ne, domin ciki da haihuwa suna ɗora wa zuciya nauyin da ƙofa mai tabo ba ta iya ɗauka. Ƙiyasin duniya na shekarar 2015 ya nuna mutum miliyan 33 na ɗauke da cutar, kusan 320,000 kuma sun mutu a shekarar. A watan Mayun 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su mayar da hankali kanta.

Labari mai daɗi ya zo daga Gulu a arewacin Yuganda a 2021. An ɗauki yaran da eko ta nuna cutar ta fara taɓa su amma ba su da wata alama, aka raba su biyu. Cikin 399 da ake yi wa allurar benzatin kowane mako huɗu, 3 ne kawai cutarsu ta ƙaru bayan shekara biyu. Cikin 400 da ba a yi wa ba, 33. Har yanzu babu allurar rigakafin sitireptokok da aka amince da ita, ana dai kan gwaji. Makamin da ke hannu shi ne wancan tsohon magani mai araha.

Mu fa, a Agye da Gazawa da Gidan Rumji?

Jahar Maraɗi ba baƙuwar bincike ba ce. Bayan yunwar 2005, ƙungiyar likitocin MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa a Madarumfa da Gidan Rumji, kuma cibiyar bincikenta ta Epicentre ta kafa reshe a Maraɗi. A ƙauyukanmu aka gwada abincin gyaɗa na tamowa, a nan aka gwada allurar rigakafin gudawa mai jure zafi da aka buga sakamakonta a 2017. Duniya ta amfana da yaran jaharmu. Haka kuma tun 2006 gwamnati ta ayyana jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Waɗannan duka alheri ne, sun ceci rayuka masu yawa.

Sai dai ku dubi shekarun. Ayyukan da na ambata duka sun tsaya ne kan ƴan ƙasa da shekara 5, zazzaɓin amosani kuwa daga shekara 5 yake fara farauta. Ranar da yaro ya fita daga inuwar jinya kyauta, ranar ya shiga shekarun hatsari. Daga nan duk zuwa asibiti kuɗi ne, kuma uban da ke lissafin hatsin da ya rage a rumbu ba zai ɗauki ɗan shekara 9 zuwa CSI saboda ciwon wuya ba. Zai ce hakin wuya ne, a ba shi jiƙo, ko a kira wanzami ya cire beli. Ciwon zai lafa da kansa, kowa ya ce magani ya yi aiki, alhali aska ba ta taɓa ƙwayar ba.

Sannan abin da ya raya cutar a Turai, wato cunkoso, muna da shi. Ƙidayar 2012 ta ba jahar Maraɗi mutum miliyan 3 da dubu 400, kuma yankin Agye da Gazawa na cikin mafi cikowa da jama'a a karkarar Nijar. Gidan Rumji ta karɓi dubun dubatar ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, yawancinsu mata da yara, gidaje da azuzuwa suka ƙara cika. Ku haɗa wannan da hunturu, lokacin da yara ke kwana a cunkushe ɗaki a rufe, su wayi gari kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma ɗaya a aji.

Abin da rajistar aji ke iya gani

Wahalar wannan cuta ita ce ɓangarorinta a warwatse suke. Ciwon wuya a watan nan, ɗingishi a watan gobe, haki bayan shekaru. Uwa ta ga na farko ta manta, ma'aikacin lafiya ya ga na biyu bai ji labarin na farko ba. Mu malamai muna da abin da ke haɗa su: rajistar kiran suna. Idan na rubuta cewa ɗaliba ba ta zo ba saboda ciwon wuya da zazzaɓi, bayan mako uku kuma ta shigo tana jan ƙafa, wannan layin da na rubuta shaida ce da likita ke buƙata.

Ciwon wuyan da ya kamata a kai asibiti shi ne mai zazzaɓi da zafin haɗiya da kaluluwa a wuya, wani lokaci da farin ruɓa a maƙogwaro, galibi ba tari ba majina. Idan an fara magani cikin kwana 9 ana tare cutar. Ko dai allura ɗaya, ko ƙwayoyi na kwana 10 cif, ko da yaro ya ji sauƙi a rana ta uku. Ƙwaya huɗu daga mai tallar magani a kasuwa ba ta wadatarwa.

Ciwon gaɓar da ke ba da tsoro shi ne mai yawo: yau gwiwa ta kumbura ta yi zafi, jibi ta saki, idon sawu ko gwiwar hannu ta kama. Asfirin yana kwantar da shi nan da nan, kuma a nan tarkon yake, domin gaɓa ta yi sanyi zuciya na ci gaba da ƙonewa. Yana iya kama da ciwon sikila, gwajin asibiti ne ke raba su.

Sai rawar jikin da Sydenham ya gani, wadda ta fi kama ƴan mata kuma takan zo watanni bayan ciwon wuyan. Rubutun yarinya ya lalace farat ɗaya, alli na faɗuwa daga hannunta, fuskarta na yamutsewa, kuka na zo mata ba dalili. A aji a ce iskanci ne a ɗauki bulala, a gida a ce iskokai ne. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, bulala kuwa zalunci ce a kan marar lafiya.

Yaron da aka tabbatar ya taɓa kamuwa yana buƙatar allurar benzatin kowane mako uku zuwa huɗu a hannun ma'aikacin lafiya, na shekaru masu yawa, sau da yawa har ya kai shekara 21, fiye da haka in zuciya ta taɓu. Allurar tana da zafi, yara na gudunta, iyaye na gajiya. Malamin da ya san ranar, ya ba da izinin fita ya kuma tambaya ko an je, ya yi rabin aikin.

Wannan ba mafarki ba ne. A tsibiran Martinik da Gwadalup an fara wani shiri a 1981 na rajistar majinyata da wayar da kan iyaye da ma'aikatan lafiya da kuma maganin ciwon wuya, cikin shekara goma cutar ta ragu da kashi 78 da kashi 74 cikin ɗari. Ba su jira tiyatar zuciya ba, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowane gida a nan.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin iyayen ɗalibai da kwamitocin kula da makarantu su sa wannan magana a taronsu na gaba, su gayyaci shugaban CSI mafi kusa ya yi bayani kafin hunturu ya kankama. Ga hukumomi kuma roƙona ɗaya ne: a duba yiwuwar sa maganin ciwon wuya da allurar wata-wata ta ƴan makaranta cikin jinya kyauta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya.